Wuƙa ko fiffike: gardamar da ta raba tseren allon iska gida biyu

Daga Matamaye zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 800, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan akasarin mutanen gari ba su taɓa ganin wasan da Faransawa ke kira planche à voile ba, sai dai a talabijin ko a wayar salula. Amma duk wanda ya leƙa wasannin Olamfik na Paris a 2024, musamman na ruwa da aka yi a gaɓar birnin Marseille, zai iya tuna wani hoto mai ɗaure kai: mutum tsaye a kan allo, yana riƙe da wani babban ƙyalle da iska ke turawa, allon kuwa yana tafe a sama da ruwa, ba ya taɓa shi. Ba siddabaru ba ne. Akwai fiffike a ɓoye cikin ruwan, kuma wannan fiffiken ne ya tayar da ƙura tsakanin ƴan wasan na tsawon shekaru, har ta kai ga an raba gasar duniya biyu.

Shi wasan bai tsufa sosai ba. Wasu Amurkawa biyu a jihar Kalifoniya, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su ne suka nemi rajistar ƙirarsa a 1968. Allo ne mara nauyi, da sanda a tsaye mai juyawa ta ko'ina, da ƙyallen da ke kama iska. Babu inji, babu matuƙi. Ɗan wasa yana sarrafa komai da hannuwansa da ƙafafunsa da nauyin jikinsa. Ya shiga Olamfik a 1984 a Los Angeles, mata kuma aka ba su tasu gasar a 1992 a Basalona.

Daga cikin rassan wasan, wanda ya fi kama da sukuwar dawaki shi ne silalom. A gasar ƙwararru ta duniya, wadda ƙungiyar PWA ke shiryawa, akan saki mutum 8 a lokaci guda. Suna tunkarar layin farawa a guje, suna duba agogo, domin wanda ya riga lokaci ko da da ƙiftawar ido ne an fitar da shi. Daga nan sai su bi wasu manyan balan-balan da aka kafa a kan ruwa, suna shan kwana a kowace, yawanci sau 4, har layin ƙarshe. Duka-duka ƴan mintoci ne. Huɗun farko su wuce zagaye na gaba, sauran su koma gefe. Wanda ya yi kuskure a kwana ɗaya, da wuya ya sake kamo ƴan'uwansa.

Abin da ke ƙarƙashin allo

Shekara da shekaru, abin da ke ƙasan allon tsere abu ɗaya ne: wani ɗan ƙaramin falle mai kama da wuƙa, wanda Faransawa ke kira aileron, tsawonsa daga wajen santimita 30 zuwa 50, gwargwadon ƙarfin iska da girman allo. Aikin wuƙar nan shi ne ta hana iska ture allon gefe. Shi kuwa allon, idan gudu ya kankama, sai ya hau fuskar ruwa yana zamewa, kamar yadda tsingaro ke tsalle a kan tabki idan yaro ya iya jifa. Ɗan guntun bayansa ne kawai ke taɓa ruwa. Sai dai kamar tsingaron, da zarar gudu ya ragu sai ya nutse, ya koma jan jiki. A nan matsalar take. Wuƙa tana son iska mai ƙarfi kuma mai ɗorewa, in babu ita sai a wuni a bakin ruwa ana jira.

Fiffiken da ake kira foyil wani abu ne dabam. Idan aka kife allon, abin da za a gani ya yi kama da ƙaramin jirgin sama da aka maƙala a kan doguwar ƙafa: babban fiffike a gaba, ƙarami a baya mai daidaita tafiya, da sandar da ta haɗa su. A irin wanda aka yi amfani da shi a Olamfik, tsawon ƙafar santimita 95 ne. Wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota a kan hanyar Matamaye zuwa Damagaram ya san sirrin: in ya ɗan karkata hannun, sai iska ta ɗaga shi sama. Haka ruwa yake yi wa fiffike, kuma da yake ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, ɗan ƙaramin fiffike ya isa ya ɗaga ƙato da allonsa da ƙyallensa gaba ɗaya. Da allon ya rabu da ruwa, gogayyar da ke riƙe shi ta ragu ƙwarai, ƙananan igiyoyin ruwa kuma suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba tare da sun buge shi ba.

Dabarar ma ta girmi wasan nesa ba kusa ba. Wani injiniya ɗan Italiya, Enrico Forlanini, ya gwada kwale-kwale mai irin wannan fiffike a tafkin Maggiore tun 1906. Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne kayan ƙira. Zaren kabon ya ba da damar yin fiffike siriri, mara nauyi, mai ƙarfin da ba ya lanƙwasa.

Yadda baƙo ya kori ɗan gari

Da farko ba wanda ya ɗauki foyil a matsayin barazana. An ɗauke shi maganin ranakun da iska ta yi rowa, tun da yana iya tashi da iskar da ba ta wuce kilomita 13 zuwa 15 a awa ba, inda mai wuƙa ke fama. Masu shirya gasa sun yi murna, domin babu abin da ya fi ɓata musu rai kamar a tara ƴan kallo da masu ɗaukar nauyi da ƴan jarida mako guda ba a yi tsere ko ɗaya ba. PWA ta ba foyil gasarsa ta kansa a 2018, wadda Gonzalo Costa Hoevel na Ajantina ya lashe. A ƙarshen 2019 hukumar wasannin tuƙin iska ta duniya ta zaɓi allo mai fiffike, iQFoil, ya maye gurbin tsohon allon RS:X a Olamfik.

Sai aka zo aka ce a haɗa su a silalom ɗaya, kowa ya zaɓi abin da zai ɗaura gwargwadon yanayi. Tunanin shi ne, fiffike zai ci ranar sanyin iska, wuƙa ta ci ranar guguwa. Lissafin bai daɗe ba. A 2021, a tafkin Tabariya, wani matashi Bafaranshe daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya, Nicolas Goyard, ya hau fiffike cikin iskar da tsofaffin hannu suka ɗauka ta wuƙa ce, ya kuma lashe gasar. A ƙarshen shekarar shi ne zakaran duniya na silalom. Daga nan kowace shekara iyakar sai ƙara matsawa take yi. An ƙera ƙananan fikafikai masu jure gudu, da ƙananan ƙyallaye, kuma zuwa 2023 ana ganin fiffike yana cin zagaye har a tsibiran Kanariya, wuraren da aka san su da iska mai tsanani.

Abin lura shi ne, ba don ya fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba ne fiffike yake cin tseren. A iska mai ƙarfi, gwanin wuƙa yakan riga shi isa balan-balan ta farko. A kwana ne ake yi masa sakiyar da ba ruwa. Mai wuƙa in zai juya, dole allonsa ya ƙara shiga ruwa, gudunsa ya faɗi, sannan ya sake tattaro shi, kuma in yana bayan wasu, ga ruwan da suka dama masa, ga iskar da ƙyallayensu suka tare. Mai fiffike kuwa yana shan kwanar yana sama, ya fita da mafi yawan gudunsa. A ninka wannan sau 4. Ga shi kuma iska ba ta busawa bai ɗaya, tana da ramuka, wuraren da take yin sanyi na ƴan daƙiƙu. Wuƙa tana faɗawa ramin, fiffike yana tsallake shi. Kamar direbobi biyu ne a hanya mai shingaye, ɗaya motarsa ta fi gudu amma yana tsayawa a kowane shinge, ɗayan kuma ba ya taka birki.

Inda wuƙa ba ta da abokin karawa

Idan ana maganar tsantsar gudu, har yanzu wuƙa ce sarauniya, kuma a Afirka ake tabbatar da hakan. A Lüderitz, a gaɓar Namibiya, an haƙa wata doguwar magudanar ruwa a cikin yashi, inda ake auna gudu a kan mita 500. A can ne Antoine Albeau na Faransa ya kafa tarihi a 2015, sannan a Disambar 2024, yana da shekara 52, ya karya nasa tarihin da gudun da ya ɗan haura kilomita 99 a awa. Da wuƙa ya yi. Magudanar ba ta da zurfin da ƙafar foyil za ta shiga, amma ko da tana da shi, akwai wani cikas. Idan fiffike ya yi gudu fiye da kima, matsin ruwan da ke samansa yana faɗuwa har kumfa ta taso, ko kuma iska ta biyo ƙafar ta sauko masa. Da hakan ta faru sai ɗagawar ta ɓace nan take, allon ya soke kai, mai shi ya yi tsalle-tsalle a kan ruwa. Ciyawar teku ko leda ɗaya da ta maƙale wa fiffike ta isa ta jawo haka. Ga gefunansa masu kaifi, ga mutum 8 suna rige-rigen shiga kwana guda. Shi ya sa hular kwano da rigar kariya suka zama kayan aiki.

Wannan na cikin abin da masu goyon bayan wuƙa ke faɗa, amma ba shi ne babba ba. Babban ƙorafinsu shi ne wasan ya rabu da jama'arsa. Dubban masu hawa allo don nishaɗi, waɗanda su ne ke sayen kayan kamfanonin da ke biyan ƙwararru, da yawansu wuƙa suke hawa, kuma suna son ganin gwanaye a kan irin kayan da su ma suke da shi. Suna son ganin feshin ruwa da allo yana dukan igiya. Tseren fiffike shiru ne, sumul, wanda bai san wasan ba sai ya ɗauka babu wahala a ciki, alhali ɗan wasan yana gyara nauyinsa a kowace daƙiƙa don kada fiffiken ya ɓullo sama.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi. Wuƙar tsere mai kyau ƴan ɗaruruwan Yuro ce. Foyil na tsere kuwa da wuya a same shi ƙasa da Yuro 2,000, wato sama da sefa miliyan 1 da jika 300, kuma wannan ƙasan allon ne kawai, ban da allo mai faɗi na musamman da ƙyallayen da aka ɗinka domin sa. A shekarun da aka haɗa gasar, ɗan wasa sai ya yi jigilar kaya iri biyu a jirgin sama daga Japan zuwa Jamus zuwa Kanariya. Mai babban kamfani a bayansa bai ji komai ba. Matashin da ke biya daga aljihunsa, ko ƙaramar ƙasa mai son shiga fagen, su suka ji a jikinsu.

Akwai kuma wani zato da bai tabbata ba. An yi tsammanin tun da fiffike ba ya buƙatar iska mai yawa, zai buɗe wa marasa jiki ƙofa a wasan da ƙarti masu kilo 100 irin su Albeau suka daɗe suna mulki. A Olamfik akasin haka aka gani. Mai nauyi ya fi iya danne fiffike da riƙe babban ƙyalle, don haka ƴan wasan da suka saba da siririn jiki a zamanin RS:X suka koma neman ƙiba da ɗaga ƙarfe. Bayan wasannin Marseille, inda Tom Reuveny na Isra'ila da Marta Maggetti ta Italiya suka ɗauki zinariya, an rage girman ƙyallen: na maza daga murabba'in mita 9 zuwa 8, na mata daga 8 zuwa 7.3.

A 2024 PWA ta yanke hukuncin da tun farko ya kamata a yi, wato a daina sa doki da raƙumi a sukuwa ɗaya. Aka bar fiffike da nasa silalom, aka ƙirƙiro wa wuƙa sabuwar gasa mai suna Slalom X, wadda ake yi a wuraren iska mai ƙarfi irin su Pozo a tsibirin Gran Kanariya da Sotavento a Fuerteventura, tsibirin da ke kimanin kilomita 100 daga gaɓar Maroko. Har an ƙara mata shingen da ake tsallakewa a guje, abin da mai doguwar ƙafa a ƙasan allo ba zai so ya gwada ba. Wasu na ganin rabuwar ta raunana kambun, tun da yanzu zakara biyu ake naɗawa a maimakon ɗaya, kuma wanda yake son duka biyun har yanzu sai ya sayi kaya iri biyu. A ɓangaren maza dai, a shekarar farko mutum ɗaya ne ya haɗa kambunan, Pierre Mortefon na Faransa, wanda tun 2019 ya taɓa zama zakaran duniya a kan wuƙa.