Injin sassaƙa mai juya icce: abin da ya kamata a sani kafin a turo kuɗi

Da yawa cikinmu mun ga bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp: gungumen icce yana juyawa, wani ɗan bakin ƙarfe yana cin sa, kafin ka ankara ƙafar gado ta fito da adonta. To wane irin inji ne wanga, kuma ya dace ɗan uwa da ke ƙetare ya saya wa ƙanensa kafinta a Maraɗi ko Damagaram?

Sunansa CNC, wato injin da kwamfuta ke ba umarni da lambobi. Akwai mai sassaƙa katako, akwai kuma mai cin ƙarfe, wanda ya fi nauyi da tsada. Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1952 aka nuna na farko a jami'ar MIT ta Amurka, lokacin da takarda mai huji-huji ake ba shi umarni.

Injin da aka saba gani yana motsi ta hanya uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Su ake kira X, Y da Z. Da su ana yi wa ƙofa ko allon shago zane mai kyau, amma ta fuska guda. In ana son bayan katakon, sai an kwance shi, a kifa, a sake ɗaurewa. A nan kuskure ke shiga, don da wuya ya koma daidai inda yake.

Hanya ta huɗu, da ake kira A, ita ce juyi. Ana damƙe ƙarshen iccen cikin wani muƙamuƙin ƙarfe, a tokare ɗaya ƙarshen da tsini, sai mota ƙarama ta riƙa juya shi kamar yadda mai gasa masara ke juya ta bisa garwashi. Wani lokaci injin ya juya iccen digiri 90 ya tsaya, ya sassaƙa wannan gefe, ya sake juyawa. Wani lokaci kuma yana juyawa yana yanka gaba ɗaya, sai a samu ado mai murɗe kamar igiya. Haka ake fitar da ƙafafun tebur da na gado, ko guda 50 ne duk su zo iri ɗaya. A wajen ƙarfe kuwa, ana yanka haƙoran giya da shi.

Ga inda za a lura. Yawancin injunan katako masu sauƙin kuɗi daga Sin suke fitowa, musamman birnin Jinan, kuma ba duk wanda aka rubuta wa "hanya huɗu" ne ke da huɗun ba. A wasu, in an jona abin juyin sai a kashe ɗaya cikin hanyoyi ukun, ya ari wurinta. Irin wanga yana yin ƙafar gado, amma bai iya duk aikin da mai huɗu na gaske ke yi. A tambayi mai sayarwa ƙarara: huɗun suna motsi lokaci guda? A kuma tambayi kauri da tsawon iccen da abin juyin ke ɗauka.

Sai batun wuta. Ƙananan suna aiki da volt 220 na gida, manyan galibi sai layi uku mai 380. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, katako na iya lalacewa, bakin yanka na iya karyewa. Kuɗin janareto, da na bakunan yanka na canji, da abin zuƙe ƙura, duk a sa su cikin lissafi tun farko. Mun san ƙurar hunturu a ƙasar nan, ba ta barin ƙarfe mai zamiya lafiya.

Abu mafi girma shi ne mutum. Injin bai san ado ba. Sai wani ya zana abin a kwamfuta, manhaja ta mayar da zanen lambobi, a daidaita tsakiyar juyin. In tsakiyar ta kauce ko da milimita guda, aikin ya fito a karkace. Shi ya sa muke ganin gara a fara biya wa yaro kuɗin koyo kafin a biya kuɗin inji.

Masassaƙanmu na turmi da taɓarya fa? Injin yana cin riba ne inda ake son abu iri ɗaya da yawa, cikin busasshen katako miƙaƙƙe. Turmi guda daga gungume mai ƙulli, har gobe gizago ya fi shi araha. Wanda ke da odar gadaje da kujeru duk wata, shi ne ya kamata ya zauna ya yi lissafin.