Ganuwar Kano da Hangen Nesan Masu Tsara Birni



Idan aka ambaci tsarin birni a yau, abin da yakan faɗo wa mutane a rai shi ne taswira da ma'aikatan safiyo, ko kuma labarin yadda Haussmann ya rushe tsofaffin lungunan Faris tun daga 1853 ya shimfiɗa manyan tituna. To, ba sai mun ƙetare teku ba. Birnin Kano kansa tsararre ne, kuma waɗanda suka tsara shi sun yi tanadi domin jama'ar da ba su rayu sun gani ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ne ya soma ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki kuma ya ƙarasa ta. An yi mata ƙari a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), sa'an nan aka sake faɗaɗa ta wajen yamma a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Watau aiki ne na wajen shekara ɗari biyar, kowane sarki yana ɗorawa a kan abin da ya tarar.

Abin da nake so ku lura da shi ba tsayin ganuwar ba ne, faɗin abin da ta kewaye ne. Sa'ad da Clapperton ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta wajen mil 15, da ƙofofi 15, mutanen birnin kuwa tsakanin 30,000 da 40,000. Ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin ba. Saura duk gonaki ne da lambuna. Wani zai ce ɓarnar ƙasa da ƙarfin mutane ce a kewaye filin da ba kowa. Ni a ganina nan hikimar take. Idan abokan gāba suka yi wa birni zobe, mutanen ƙauyuka sukan shigo da iyalansu da dabbobinsu su sami wurin zama, a yi noma a ciki, a yi kiwo a ciki, ga duwatsun Dala da Gwauron Dutse inda ake hango mai tahowa tun daga nesa. In kuwa ana zaman lafiya, to, wannan fili shi ne gādon jikoki.

Rumfa ne ya ba birnin siffar da muka sani. Ya gina fadarsa, Gidan Rumfa, a kudu, nesa da gindin Dala inda gari ya fara, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a tsakiya, kusa da Jakara. Ta haka hanyoyin da suka taso daga ƙofofi suka riƙa haɗuwa a kasuwa, fatake kuma suka sami masauki gwargwadon asalinsu ko sana'arsu. Sunayen unguwanni sun isa shaida ga ɗalibin harshe: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Soron Ɗinki. Baƙo yana da gurbinsa a cikin tsarin tun kafin ya iso.

Akwai kuma wani abu da ba a cika yabawa ba, watau kududdufai. Ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suka zama matattarar ruwan damina, suna shanye abin da ya kwararo daga gidaje da lunguna. Gaskiya ne suna tara sauro da ƙazanta, Turawan da suka ziyarci birnin ma sun yi kuka da haka. Amma da aka ciccike da yawa daga cikinsu aka yi gini a kai, ba tare da an tanadi magudanan da za su maye gurbinsu ba, sai ruwan ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka yi nasu tsarin a bayan ganuwa: unguwar Turawa a Nasarawa, da Sabon Gari domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. Tsari ne na rarrabe mutane, saɓanin na Rumfa da ya tara su a kasuwa guda. Daga baya aka yi shirin raya birni na shekara 20 wanda B. A. W. Trevallion ya tsara domin 1963 zuwa 1983, amma yawan jama'a ya riga shirin gudu.

A 2007 aka shigar da ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai wanda ya bi ta daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Kabuga zai ga inda ruwan sama ya zaftare ta, da inda aka ɗebe ƙasarta, da inda aka yanka fuloti a kan gindinta. Ku ma'aikatan ƙasa da safiyo da ke zaune a nan, ta teburinku takardun irin waɗannan fulotai suke bi kafin a sa musu hannu.