Faɗakarwa Game da Zaman Taro a Wuraren Aiki

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata al'ada da ta yi kaka-gida a wuraren aikinmu, tun daga makarantu da ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu har ya zuwa ofisoshin manyan garuruwa inda akan kira mu, wadda kuma saboda daɗewarta mutane suka daina ganin muninta, har wasu na kafa mata hujja. Al'adar kuwa ita ce a aiko da takarda a ce taro ƙarfe 10 na safe, ma'aikata su ajiye aikinsu su hallara, a zauna ana duban ƙofa har rana ta take, sa'an nan shugaba ya shigo, a gaisa, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya kowa da laƙabinsa, kafin a taɓa batu na farko ladan ya kira Azahar. In an komo daga masallaci rabin jama'a sun sulale, a ƙarasa da 'yan da suka rage, a watse ba wanda zai iya gaya maka abin da aka yanke. Mutumin da ya baro Kanya Babba da sassafe, ya biya kuɗin mota zuwa Babura ko Kazaure ko Ringim, wani lokaci ma har Dutse, haka zai komo gida bayan Magariba da gajiya da ƙura, ba shi da abin da zai shaida wa abokan aikinsa sai cewa an yi taro.

Ma'anar taro ba ta bukatar dogon sharhi. Mutanen da aiki ɗaya ya haɗa ne suke zama domin su yanke abin da mutum guda ba zai iya yankewa shi kaɗai ba. Abin da bai kai wannan ba sanarwa ce, ita kuwa takarda ko saƙon waya ya ishe ta.

To, amma duk sa'ad da aka koka, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce wai ƙayyade wa taro lokaci, da taƙaita masu halarta, da tsai da mai magana in ya zarce, duk ɗabi'ar Nasara ce da boko ya kawo, mu kuwa mutanen shawara ne masu girmama na gaba, ba ma fara magana babba bai zo ba, ba ma katse dattijo. Wannan zance yana da daɗin ji, shi ya sa ya yaɗu, amma wallahi ba shi da asali, kuma mai faɗinsa ya jingina wa addini da al'ada kasalar da ba tasu ba ce. Ina addinin da ya kai namu kula da lokaci, alhali kowace salla tana da farkon lokacinta da ƙarshensa, kuma jam'in Asuba ba ya jiran attajirin unguwa komai dukiyarsa? Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal faɗa a kan tsawaita wa mutane salla, ya kuma hori limamai da su sassauta saboda a bayansu akwai tsoho da mai rauni da mai bukata; ya kuma tabbata cewa gajarta huɗuba alama ce ta fiƙihun mai yinta. Idan har an hana tsawaita wa jama'a a cikin ibada saboda uzurinsu, da wace hujja wani zai tsare malaman makaranta sa'a huɗu yana maimaita abin da ya faɗa a zaman da ya wuce?

Wanda yake son ya ga yadda magabata suka gudanar da shura, ya dubi abin da Sayyidina Umaru ya yi a shekara ta 23 bayan Hijira, sa'ad da aka soke shi yana kan gargara, ga kuma al'amarin da ba a taɓa zama a kan wanda ya fi shi nauyi ba, watau wanda zai gaje shi a halifanci. Bai ce duk Madina ta taru ba. Mutum shida ya ambata: Aliyu, da Usmanu, da Abdurrahmanu ɗan Aufu, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da Zubairu, da Ɗalha. Ya yanka musu wa'adin kwana uku, ya sa Suhaibu ya riƙa jan salla kafin su gama domin kada aikin jama'a ya tsaya, ya kuma faɗi yadda za a yi in ra'ayi ya rabu. Ɗalha, duk da darajarsa, ba ya gari a lokacin, kuma ba a ɗage al'amarin ba har sai ya iso. Abdurrahmanu ya janye daga takara, ya bi mutane yana jin ra'ayinsu kafin ranar yankewa, aka yi wa Usmanu mubaya'a. Batu ɗaya, mutane ƙididdigaggu, wa'adi sananne, da hukunci a ƙarshe. A ƙasar Hausa ma, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi aka sani da kafa majalisar Tara ta Kano, mutum tara kacal ga ƙasa mai faɗi irin wannan. Shi kuwa littafin ƙa'idojin taro da Amurkawa suke taƙama da shi, wanda wani hafsan soja Henry Robert ya wallafa, sai a 1876 ya fito, fiye da shekara 1,200 bayan shurar Umaru. Wane ne ke nan ya ara daga wani?

Batun girmama na gaba kuwa, wanda ya san girma shi ne yake fara zuwa. Kuma ya kamata a yi hisabi, domin lokacin ma'aikaci amana ce da ake biyansa albashi a kanta daga baitulmalin jama'a. A ce malamai 20 ne suka zauna jiran mutum ɗaya sa'a biyu: sa'a 40 ke nan ta aiki ta salwanta, ga azuzuwa 20 an bar yara suna ta ihu ba mai koya musu. In a asibiti ne, mace ce mai ciki ta taso daga ƙauye a kan babur take zaune a baranda. In kuwa da damina ne, sa'ad da kusan kowane ma'aikaci a wannan yanki yake da 'yar gonarsa ta gero ko gyaɗa ko riɗi tana jiran noma, asarar ta ninka. Haƙƙin waɗannan duka yana wuyan wanda ya kira taron ya kuma makara.

Saboda haka wanda Allah ya ɗora wa shugabancin ma'aikata, ko hedimasta ne, ko shugaban ɗakin shan magani, ko ciyaman na kwamitin kula da makaranta, ko na ƙungiyar manoma, kafin ya kira taro ya tambayi kansa abin da yake so a yanke, in ya kasa faɗinsa cikin jimla ɗaya to ya haƙura da kiran. In ya samu, sai magatakarda ya rubuta ajanda, batu uku ko huɗu, mafi nauyi a sama, a aika wa mahalarta tun saura kwana biyu ko uku tare da kowace takardar lissafi da za a duba, domin mutum ya zo da ra'ayin da ya kwana a kansa. A kira waɗanda abin ya shafa da waɗanda za su aikata shi, sauran a sanar da su daga baya. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, amma ɗaki ma iyakar hannuwan da za su kama shi ake nema. A zaɓi lokacin da ke da iyaka ta kansa, kamar bayan an tashi makaranta zuwa La'asar, a kauce wa ranar kasuwa da safiyar Juma'a, a rubuta lokacin tashi a takardar gayyata kamar yadda aka rubuta na farawa. Lokaci na cika a buɗe da addu'a gajeriya a fara da waɗanda suka zo, in shugaba uzuri ya riƙe shi mataimakinsa ya ja zaman, wanda ya makara ya sami wuri ya zauna, ba a koma masa baya.

A cikin zaman kuma akwai wani ladabi da shugabanni da yawa suka jahilta, watau shugaba ya riƙe ra'ayinsa sai ƙarshe. Mun san halinmu: da zarar babba ya furta abin da yake so, ba abin da za ka ƙara ji sai "haka ne, ranka ya daɗe", ko da a zuci kowa ya san kuskure ne. Ya fara da ƙananan ma'aikata, ya kira malama mai kunya da sunanta ya tambaye ta, domin sau da yawa wanda yake riƙe da aikin da hannunsa shi ya san inda matsalar take; a ranar Badar Hubabu ɗan Munziri ne ya ba da shawarar inda rundunar za ta sauka kusa da ruwa, a yaƙin Handaƙu kuma Salmanul Farisi ne ya kawo dabarar haƙa gwalalo, kuma duka an karɓa. Wanda ya bar batu ya shiga tarihi, a ce masa cikin ladabi, "Allah ya gafarta malam, mun ji, bari mu ajiye wannan zuwa ƙarshe." A kuma yi hattara da wata cuta da Bature Northcote Parkinson ya bayyana a 1957, cewa kwamiti yakan wuce babban al'amari cikin 'yan mintoci saboda ba kowa ya fahimce shi ba, ya ɓata sa'a guda a kan ƙaramin abin da kowa yake da ta cewa, haka za ka ga an amince da kuɗin gyaran rufin aji ba tambaya, an kuma kusa ba hammata iska a kan wanda zai sayo lemon walima. Wayoyi kuwa a kashe su, ba sai an faɗa ba.

Kada a bar wani batu sai an ji abu uku a fili: me aka yanke, wa zai aikata, yaushe zai gama. "Za a duba" ba hukunci ba ne, "a kafa kwamiti" kuwa galibi hanyar binne magana ce. Magatakarda ya rubuta waɗannan ukun a littafi mai bango, ba a fallen takardar da iska za ta ɗauke ba, ya karanta su a gaban kowa kafin addu'ar tashi, washegari ya aika wa mahalarta da waɗanda ba su samu zuwa ba.  Zama na gaba kuwa da wannan littafi za a buɗe shi, a kira kowane mai alkawari da sunansa ya faɗi inda ya kwana, wanda ya cika a gode masa a gaban jama'a, wanda bai cika ba ya kawo uzurinsa a rubuta masa sabon wa'adi.