Jifan Makiyayi a Kogon Kumran

A farkon shekarar 1947, wani saurayi makiyayi mai suna Muhammad al-Zib, ɗan ƙabilar Ta'amira, yana kiwo a duwatsun Kumran, gab da Tekun Gishiri a Falasɗinu. An ce akuyarsa ce ta ɓace, ya jefa dutse cikin wani kogo, sai ya ji ƙarar fashewar tulu. Da aka shiga, sai ga tuluna, a ciki kuwa naɗaɗɗun fatu cike da rubutu.

Makiyayan ba su san darajar abin da suka tsinta ba. Suka kai wasu Baitalami wurin wani baduku da ake kira Kando, mai dillancin kayan tarihi. Ta hannunsa babban limamin cocin Suriyawa a Ƙudus, Atanasiyus Samuel, ya sayi guda huɗu kan fam 24 kacal. Sauran ukun suka faɗa hannun Farfesa Eleazar Sukenik na Jami'ar Ibraniyawa.

Samuel ya tafi da nasa Amurka, ya rasa mai saye, har a 1954 ya sa ƙaramin talla a jaridar Wall Street Journal. Wa ya saya ta hannun wakili kan dala 250,000? Yigael Yadin, ɗan Sukenik na cikinsa. Ta haka littattafan bakwai suka sake haɗuwa.

Zuwa 1956 an tono kogo 11, aka samu ɓurɓushin rubuce-rubuce sama da 900. Akwai cikakken littafin Annabi Ishaya, tsawonsa ya wuce mita bakwai, ya girme kwafen Ibrananci da aka sani a da da kusan shekara dubu. Daga littafin Ishaya ne Linjilar Luka ta ce Yesu ya karanta a majami'ar Nazarat. Akwai kuma guntayen littafin Anuhu da Aramiyanci, wanda wasiƙar Yahuza ta ɗauko magana daga cikinsa, wanda kuma cocin Habasha ne kaɗai ya adana shi cikakke.

Ba a samu ko littafi ɗaya na Sabon Alkawari a kogunan ba. Abin da aka samu shi ne karatun mutanen zamanin: jiran Almasihu, tsarki da ruwa, yaƙin haske da duhu. Masu ɓoye littattafan, waɗanda masana da yawa ke cewa Isiyawa ne, wata ƙungiyar Yahudawa, ba su dawo ba bayan Rumawa sun rushe Kumran a shekara ta 68 Miladiyya. Ajiyarsu ta jira kusan shekara 1,900, sai mai bin sawun akuya ya buɗe ta.