Kafin Mu Damƙa Wa Ɗalibai Kuɗi, Mun Koya Musu Riƙonsu?

A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci waliyyan marayu da su jarraba su, kada su miƙa musu dukiyarsu sai sun balaga kuma an ga shiriya a tattare da su. Malaman Malikiyya sun fassara wannan shiriya da iya tattalin dukiya. Malaman tafsiri kuwa sun ce jarrabawar ita ce a ba yaro ɗan abu kaɗan, a ga yadda zai sarrafa shi.

Ɗaliban sakandare a daidai wannan gaɓa suke. Da sun kammala, wani zai shiga kasuwa, wata za a kai ta ɗakin miji ta riƙe kuɗin cefane, wani kuma gado ne zai faɗo hannunsa. Mun shirya su domin jarrabawar WAEC, amma ba mu shirya su domin wannan ba.

Masu farautar dukiyarsu kuwa suna cikin wayoyinsu: cacar ƙwallo da manhajojin bashi da ruwa. Ba a manta da MMM ba, wanda ya dakatar da biyan mutane a Disamban 2016, haka ma CBEX da ya rushe a Afrilun 2025. Kwaɗayin ribar da babu ciniki a bayanta ne ya ci jama'a.

Gyara daga gida yake farawa. Uban da ke ba ɗansa Naira 500 kullum ya ba shi 2,500 ranar Litinin, tare da ɗan littafin rubuta abin da ya kashe. Idan suka ƙare ranar Laraba, kada a ƙara masa. Gara ya yi kuskure da kaɗan a gaban iyaye, da ya yi da jarinsa bayan babu su.

A makaranta, malamin lissafi zai iya koyar da kaso cikin ɗari ta hanyar zakka: nisabin giram 85 na zinare, a fitar da 2.5 cikin 100 bayan shekara ta zagayo. Malamin addini ya sa ɗalibai su rubuta takardar bashi da wa'adi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar.

Ranar ƙiyama za a tambayi kowa inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta. Haƙƙin 'ya'yanmu ne mu koya musu amsar tun yanzu. Allah ya shirya mana zuri'a.