Gidan Tsohon Soja Mai Dungu: A Gyara Tun Bai Faɗi Ba

Ƙasar Kurfey ta daɗe tana ba da 'ya'yanta ga aikin soja, tun zamanin Faransa. Yau fagen daga ya matso gida. Ranar 9 ga Janairun 2020 an kashe sojoji 89 a Chinagodrar, kusa da iyakar Mali, kuma nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyin jihar Tillaberi suna raba mazaje da ƙafa ko hannu. Wanda ya rasu ana bin sa da addu'a. Wanda ya dawo da dungu kuwa, gidan da ya gina yana da ƙafa biyu zai koma, a nan zai tsufa.

Yana ɗan shekara 35, ƙarfin damtse na rufa masa asiri, ya doka sanduna ya tsallake komai. Idan ya haura 60, kafaɗa ta gaji, gwiwar da ta rage ta ɗauki nauyin biyu shekara da shekaru, ido ya rage gani. Daga nan gidan ke zame masa haɗari.

A fara da dokin ƙofa. A Filinge da Shikal da Bonkuku ana ɗaga shi don ruwan damina, amma shi ne ke kayar da mai sanduna. A yi masa gangara ta siminti mai kaushi. Ƙa'idar ita ce, kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo, wato dokin ƙofa mai santimita 20 yana son gangara ta santimita 240. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90 don keken guragu ya wuce.

Sai makewayi, inda aka fi jin kunyar faɗin gaskiya. Mai ƙafa ɗaya ba ya iya tsuguno a bakin rami. Akwai dattijon da zai rage ci da sha don kada ya nemi a riƙe shi, ya yi ta rama iyali ba su san dalili ba. A gina mazauni mai tsayin kujera, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ajiye benci a wurin wanka. Mai hannu ɗaya a sa masa sakatar da hannu ɗaya ke buɗewa.

Rairayin tsakar gida na cinye tayar keke da bakin sanda. A daɓe siririyar hanya daga ɗaki zuwa makewayi da zaure. A bar fitila kusa da shimfiɗa, domin mai dungu kan farka cikin dare yana jin ƙafar tana nan, ya taka, ya kife. Zafin rufin kwano kuma na sa dungu gumi har ƙafar roba ta goge shi ya zama gyambo, musamman ga mai ciwon suga. In an ga ja ko ƙurji, a tafi likita; sashen ƙafar roba na babban asibitin Yamai yana gyara wadda ta daina zama daidai.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, saboda haka neman taimako a ofishin magajin gari ko na tsofaffin sojoji ba bara ba ne. Kada dai a miƙa takardun fansho ko na fili ga mai cewa zai samo gida a ba shi na goro. Duk mai shirin gini ko yaɓe bana, ya kira magini ya zagaya gidan tare da mai dungun, a bi abin da ya nuna.