Tambaya Kafin Kundi: Shirin Digiri na Biyu a Fannin Tarihi

A digiri na farko ɗalibi ya saba a ba shi tambaya ya kawo amsa. A digiri na biyu kuwa shi ne zai zo da tambayar, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Sai ka ga ɗalibi ya je wa malamin da zai duba aikinsa da take irin "Tarihin Kano". Wannan ba ya rubutuwa a shekara biyu, ko a goma. Amma in ya ce yana son sanin yadda noman gyaɗa ya sauya rayuwar manoman gunduma guda bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, to, ya san inda zai dosa da kuma abin da zai bari.

Daga nan sai neman hujja. A gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin larduna, cike da rahotannin razdan da na Di'o kan haraji da jangali. Sabon shiga yakan kwafe su kamar yankan wuƙa. Ya kamata ya tsaya ya tambayi takardar: wa ya rubuta ki, don wa, da wace manufa? Di'o ya ji labarin ne ta bakin tafinta, a gaban hakimi, a ranar da manomi ke da dalilin ɓoye yawan amfanin gonarsa. Rahoton yana da amfani ƙwarai, sai dai dole a auna shi da wasiƙun Larabci da Ajami da kuma abin da dattawa suka riƙe. Su ma dattawan ana auna su. Labarin fada daban yake da na 'yan kasuwa, na mata kuma sau da yawa ba wanda ya je nemansa.

Shi ya sa nake ganin harshe shi ne babban shiri. Littafin Murray Last kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ya tsayu ne a kan takardun Larabci da zaman da ya yi da Waziri Junaidu. Wanda bai iya karanta rubutun hannu na Ajami ba, zai shiga cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, da Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ya fito bai taɓa mafi tsadar abin da ke ciki ba. Mai binciken Maraɗi ko Damagaram kuma ba makawa sai da Faransanci.

Rubutu ba ya jiran ƙarshen bincike. A fara tun wuri, ko shafi ɗaya a mako, domin a wajen rubutu ne giɓin hujja ke bayyana. Duk abin da aka ɗauko a rubuta lambar fayil da shafi nan take. Duk wanda aka gana da shi a rubuta gari da rana. Sakaci a nan shi ke jefa ɗalibi mai gaskiya cikin zargin satar aikin wani, kuma ranar kare kundi mai jarrabawa daga waje zai tambayi inda aka samo kowace magana.

Ɗalibin da ke da niyya, tun kafin ya sayi fom, ya nemi malamin da zai zaunar da shi a kan Larabci da Ajami.